Ɗaukar Hoto Daf da Daf: Me Ya Sa Rabin Ƙwaro Ke Fitowa Dishi-dishi?

Na ɗauki hoton ƙuda, idonsa ya fito tas, amma fukafukai da ƙafafu duk sun yi dishi-dishi. Kyamarar ce ta samu matsala?

Lafiyarta ƙalau. Gwargwadon yadda gilashin kyamara ya matso kusa da abu, haka kaurin wurin da ke fitowa da kaifi yake tsukewa. A ɗaukar makro ta gaske, wato inda girman abu a kan sensa (farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara) ya yi daidai da girmansa na zahiri (1:1), idan ka saita ƙofar haske (ramin da haske ke bi a cikin gilashi, wanda ke tsukewa gwargwadon girman lambar f) a f/8 da kyamara mai babbar sensa, abin da zai fito tas bai wuce kusan milimita 1 ba. Ƙudan gida kuwa tsawonsa milimita 6 zuwa 7 ne. Ka ga ba yadda za a yi ya shiga duka idan ka fuskance shi ta kai.

Abin da ke hannunka shi ne zaɓen inda wannan milimita ɗaya za ta faɗa. A kan ƙwaro, ido ne. Mai kallo yakan yafe fiffike mara kaifi, amma ba ya yafe ido. Sannan ka koma ta gefensa, yadda jikinsa zai daidaita da bayan kyamarar tun daga kai har wutsiya. A ganina wannan sauyin tsayuwa ya fi duk wani saiti gyara hoto, kuma shi ne aka fi mantawa da shi.

To in tsuke ƙofar zuwa f/22 ko f/32 mana?

Kaurin zai ƙaru, daga f/8 zuwa f/16 ma ninkawa yake yi. Amma akwai farashi. A 1:1, f/16 yana aiki ne tamkar f/32, domin gilashin ya yi nisa da sensa, hasken da ke isa gare ta ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Kuma idan ƙofar ta yi ƙanƙanta da yawa, haske yakan baje yayin da yake ratsa ta, sai hoton gaba ɗaya ya yi laushi, har wurin da ka saita. Tsakanin f/8 da f/16 ne mafi yawan masu wannan aiki suke tsayawa.

Fokas na kai-da-kai, wato saita kaifi da kyamara ke yi da kanta, sai ya yi ta kai da komo, ya ƙi tsayawa. Ina mafita?

Kashe shi. Murza zoben fokas da ke jikin gilashin da hannu zuwa girman da kake so, ka bar shi nan, sannan ka riƙa matsawa gaba da baya da jikinka a hankali. Da zarar ido ya fito tas, sai ka danna, ka ɗauki da yawa a jere.

Idan kuma babu ko ɗigo ɗaya mai kaifi a hoton fa?

Wannan ba matsalar kauri ba ce. Ko dai motsi ne, ko ka matso fiye da iyakar gilashin. Makro yana girmama rawar hannu kamar yadda yake girmama ƙwaron, iska kaɗan ma ta ishi ganye ya kauce. Yi amfani da sanda mai ƙafa uku da saitin jinkirta ɗauka na daƙiƙa 2, ko filasha da aka rufa wa farin ƙyalle, domin walƙiyarta tana daskarar da motsi. Game da iyaka kuwa, gilashin makro na milimita 100 yakan tsaya a kusan santimita 30, kuma daga sensa ake awon, ba daga bakin gilashi ba.

Hotunan da ƙwaro ke fitowa tas daga kai har ƙafa, yaya ake yin su?

Yawancinsu ba hoto ɗaya ba ne. Ana ɗaukar gomman hotuna, kowanne an ɗan matsar da fokas gaba, sannan manhaja irin su Helicon Focus, Zerene Stacker ko Photoshop ta tsinci wurin da ke da kaifi a kowanne ta haɗe su. Wasu kyamarorin Nikon, Canon da OM System suna matsar da fokas ɗin da kansu. Sharaɗin shi ne kada abin ya motsa, kuma kaifin kowane hoto ya ɗan hau kan na bayansa, in ba haka ba za ka ga layuka masu dishi-dishi sun ratsa jikin ƙwaron.