Yadda ake haɗa manhajar da ke faɗa maka lokacin isowar jirgin ƙasa

Ta yaya manhaja take sanin inda jirgi yake?

Wayarka ba ta ganin jirgin. Hukumar da ke tafiyar da jiragen ce ke da bayanin, manhajar kuwa aro take yi. Jirgin da ke tafiya a sarari ana iya bin sawunsa da GPS, wato tsarin gano wuri ta tauraron ɗan adam. Na ƙarƙashin ƙasa, irin na Landan da New York, tauraron ɗan adam ba ya kaiwa gare shi, sai a dogara da na'urorin da ke jikin layin dogo, masu sanar da ɗakin kula da zirga-zirga cewa jirgi ya shiga wannan yanki.

To ina mai haɗa manhaja zai samo wannan bayanin?

Akwai tsarin da hukumomin sufuri ke bi wajen fitar da bayanansu, ana kiransa GTFS, wanda kamfanin Google da hukumar sufuri ta TriMet a birnin Portland na Amurka suka fara a 2005. Tarin fayiloli ne kawai: ɗaya na tashoshi, ɗaya na layuka, ɗaya na lokacin tsayawa a kowace tasha. A 2011 aka ƙara masa ɓangaren bayanin kai tsaye, mai nuna inda jirgi yake yanzu, jinkirin da ya samu, da sanarwar rufe tasha. Hukumar sufurin Landan tana sakin nata bayanan kyauta, kuma a kansu manhajar Citymapper, mai nuna wa fasinja hanya, ta taso.

Wane kuskure ne sabbin masu haɗawa suka fi yi?

Haɗa jadawali da bayanin kai tsaye ba tare da an rarrabe su ba. Wannan ne ya fi damuna. Mutum yana tsaye a tasha, jaka a kafaɗa, yaro a hannu, allon waya ya ce masa saura minti 3. Minti 3 ɗin nan daga jadawalin takarda aka ciro su, ko kuwa jirgin da gaske ya baro tashar baya? Idan na jadawali ne, a faɗa masa. A sa wata alama ko launi daban, a kuma rubuta yaushe aka sabunta bayanin. Idan intanet ta yanke, gara manhaja ta ce bayanin ya tsufa da ta ci gaba da ƙirga mintunan ƙarya.

Akwai kuma tarkon tsakar dare. A GTFS, jirgin da ya tashi kafin sha biyun dare ya isa ƙarfe 1:10 ana rubuta lokacinsa 25:10, domin har yanzu cikin aikin jiya yake. Wanda bai san haka ba, jirgin ƙarshe sai ya ɓace masa daga allo, alhali shi ne wanda fasinja ya fi buƙata.

Kowace waya ce za ta riƙa tambayar hukumar kai tsaye?

A'a. Ka kafa sabarka, wato kwamfutarka da ke aiki a intanet, a tsakani, ta ɗauko bayanin duk bayan 'yan daƙiƙu, ta tace shi, ta aika wa kowace waya abin da ya shafi tasharta kaɗai. Data da batir ɗin mutane sun tsira.

Idan hukuma ba ta fitar da komai ba fa?

Sai a tattara da hannu. A Nairobi, aikin Digital Matatus ya tura ɗalibai cikin motocin haya da wayoyi, suka zana hanyoyin birnin, aka fitar da taswira a 2014. Jirgin ƙasa ya fi haka sauƙi, tunda tashoshinsa ƙidayayyu ne. Mai son gwadawa da layin Abuja zuwa Kaduna, wato Idu zuwa Rigasa, zai iya farawa da jadawalin da aka sanar, sannan ya ba fasinjojin da ke ciki maɓallin da za su danna su ce an baro Kubwa ko an iso Jere. Kada dai ya nuna rahoton mutum ɗaya sai wani ya tabbatar da shi.