Ka danna wallafawa, gyaranka bai shiga ba: dokokin Wikipedia da ke tare hanya

Ɗalibi ne a Birnin Kebbi ya shafe awa guda yana gyara maƙalar bikin kamun kifi na Argungu a Wikipedia ta Hausa. Ya daidaita sunan kogin Matan Fada, ya kawo majiya, ya danna maɓallin wallafawa, sai jan rubutu ya fito. Abin da yawanci ke biyo baya shi ne a ɗora wa sabis laifi, a rufe shafin, aikin ya bi ruwa. Alhali sau da yawa ba sabis ba ne. Manhajar MediaWiki, wadda Wikipedia ke gudana a kanta, tana da dokokin da ke hana gyara shiga, kuma saƙon da ya fito yakan faɗi wadda ta tare ka.

Kafin komai, kwafe rubutunka ka ajiye a wani wuri a wayar, sannan ka ɗauki hoton saƙon. Daga nan ne za ka karanta shi a natse.

Wadda ta fi cin mutanenmu ita ce dokar toshe adireshin IP, wato lambar da ake gane hanyar da ka shigo intanet da ita. Ka'idar shafukan Wikimedia ita ce ba a yin gyara ta hanyar da ke ɓoye asalin adireshin mutum, kamar VPN da buɗaɗɗen firoksi, wato na'urar tsakiya da kowa ke iya bi ta cikinta ya shiga intanet da adireshinta, domin masu ɓarna da 'yan talla da su suke fakewa idan an kore su. Saboda haka ana toshe irin waɗannan adiresoshi tun kafin a yi laifi da su. Karatu ba a hana ka, gyara ne kawai. Idan akwai VPN a kunne a wayarka, ko irin manhajojin nan na neman data kyauta, kashe shi. Haka ma burauzar da ke matse shafi don rage cin data, irin Opera Mini, tana bi da kai ta na'urorin kamfaninta ne, don haka ka gwada wata burauzar.

To amma akwai wanda bai taɓa kunna VPN ba, kuma ya tarar an toshe shi. Dalili shi ne kamfanonin sadarwa ba sa ba kowane layi adireshinsa shi kaɗai. Mutane masu ɗimbin yawa ke tarayya a kan adireshi ɗaya, kuma yana sauyawa. Wani ya yi ɓarna a wani gari, a toshe jerin adiresoshin, mai gyara a Gusau ko Kaura Namoda ya wayi gari a ciki. Laifin wani ya shafe ka. Wannan ba ƙaramin zalunci ba ne ga masu gyara na yankinmu, waɗanda kusan duk da waya suke aiki, amma dokar ta bar ƙofa.

Toshewar iri biyu ce. Akwai mai sauƙi, wadda ke hana marasa asusu kawai: da ka shiga da sunanka, shi ke nan. Akwai mai tsanani, wadda ke kama har mai asusu. Ga wannan, fara da sa wayar a yanayin jirgin sama na ɗan lokaci ka cire, ko ka koma ɗaya layin, sau da yawa adireshin zai sauya. Idan abin ya zama kullum, nemi izinin keɓewa daga toshewar IP. Duba saƙon da kyau. In toshewar ta Wikipedia ɗin da kake ciki ce kaɗai, misali ta Hausa, admin ɗinta za ka nema, wato mai gyara da aka ba ikon toshewa da buɗewa. In ta duniya ce, mai aiki a duk shafukan Wikimedia, sai wakilan duniya (stewards), masu iko a kan duk shafukan, a stewards@wikimedia.org. Ka rubuta sunan asusunka, adireshin IP da saƙon ya nuna, da dalilin da aka bayar, ka ce da datar waya kake aiki. Ta imel ka tura, kada ka manna adireshinka a shafin tattaunawa inda kowa zai gani.

Abin da ba a yi shi ne wannan: idan asusunka ne da kansa aka toshe, kada ka buɗe sabo. Kauce wa hukunci ke nan, kuma laifi ne mai zaman kansa. Ƙari a kan haka, manhajar kan toshe adireshin da asusun ya yi amfani da shi na awa 24, sai ka jawo wa wanda kuke wayifai ɗaya. Ɗaukaka ƙara ake yi a shafin tattaunawarka.

Sai dokar sabon asusu. Asusu na samun tabbaci ne bayan kwana 4, a Wikipedia ta Turanci kuma sai an haɗa da gyara 10. Kafin nan ba za ka iya taɓa shafin da aka sa wa kariya ba, wanda za ka gane da alamar kwaɗo, kuma idan ka saka mahaɗin wani shafin intanet za a ce ka cike gwajin tabbatar da cewa mutum ne kai. Tun 2018 sabon asusu ba ya ƙirƙirar maƙala kai tsaye a ta Turanci, sai dai daftari. Wasu shafukan ma can sai mai kwana 30 da gyara 500. Hanyar ita ce ka rubuta gyaran da kake so a shafin tattaunawar maƙalar, tare da majiya.

Masu shirya taron horaswa a makarantu, ku riƙe wannan: asusu 6 kaɗai ake iya buɗewa daga adireshi ɗaya cikin awa 24. Ɗalibai talatin a kan wayifai ɗaya, na bakwai zai tsaya cak. Ku sa kowa ya buɗe nasa da layinsa, mako guda kafin ranar, sai ya zo da asusun da ya riga ya cika kwanakinsa.

Wani lokaci mahaɗi ɗaya ne ya ɓata tafiyar. Akwai jerin shafukan da aka haramta saboda talla, ciki har da masu gajarta adireshi irin bit.ly. Saƙon zai nuna wanda ya jawo, ka cire shi, ka sa cikakken adireshin majiyar. Akwai kuma matatar ɓarna, wadda ke lura da abubuwa kamar goge rubutu mai yawa lokaci guda. In gargaɗi ta yi, kuma ka tabbata gyaranka daidai ne, sake dannawa. In hanawa ta yi, kai rahoto ga admin, kada ka yi ta maimaitawa.

Biyu na ƙarshe ba doka ba ne, yanayin aikin manhajar ne. Idan shafin gyara ya daɗe a buɗe, ko an fitar da kai daga asusu, za ta ce bayanan zamanka sun ɓace. Sake dannawa, in ya ƙi ka fita ka sake shiga, ka tabbata burauzar na karɓar kukis, wato ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a burauza don ya gane ka. Idan kuma wani ya riga ka wallafawa a wurin da kake gyarawa, karo ya auku. A editan rubutu za ka ga akwati biyu: na sama shi ne abin da ke shafin yanzu, na ƙasa naka. Na sama kaɗai ke shiga, don haka ka ɗebo naka ka zuba a ciki ba tare da ka share na ɗan'uwanka ba. Gyara sashe ɗaya a lokaci guda, da wallafawa bayan kowane sakin layi, yana rage wannan karon sosai.