Waiwaye: Wa ke biyan kuɗin labarai a Zamfara?

Duk sanda zancen 'yan jarida ya taso a Gusau, majalisa rabuwa take yi gida biyu. Wasu su ce gwamnati ce ta shaƙe musu wuya, wasu su ce su da kansu suka sayar da bakinsu. Kowane ɓangare yana da abin nunawa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne aljihun wa aikin yake fitowa, kuma tarihin gardamar a nan yake.

Tun asali mai sauraro a wannan yanki bai saba biyan kuɗin labari ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta soma fita daga Zariya a 1939, hukuma ce ta kafa ta. Rediyon Kaduna da Rima Rediyo ta Sakkwato, waɗanda mutanen Gusau da Ƙaura Namoda da Talata Mafara suka tashi da su, na gwamnati ne. BBC Hausa tun 1957 daga Landan ake ɗaukar nauyinta. Naka kawai sayen batir. Dokar 1992 da ta kafa NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa, aka kuma ƙirƙiro Zamfara a 1996, amma sabuwar jihar ba ta zo da manyan masu talla ba. Masaƙar Gusau da ta taɓa riƙe gari ta durƙushe. Bankuna da kamfanonin waya a Legas suke raba tallarsu, abin da ke isowa nan ragowa ne. Saura sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa, tallar mai maganin gargajiya, sai gwamnati da 'yan siyasa.

Daga nan filin siyasa na saye ya samo gindin zama. Ɗan takara ya sayi rabin sa'a, ya turo sojojin bakansa, su yabi maigida su zazzage abokin hamayya, tasha ta sami na man janareto. Wakilin da albashinsa ya kwana biyu bai fito ba kuwa, bayan an tashi taron manema labarai ba ya saurin tafiya. Zai tsaya a bakin ƙofa sai an raba kuɗin mota. A ganina masu zaginsa sun fi masu biyansa yawa.

Shekarun Gwamna Bello Matawalle su suka fito da komai fili. A farkon Satumban 2021 aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako. Mai son aika labari ko kiran ɗan'uwa, a kwanakin farko, sai ya hau mota zuwa Funtuwa. Sai farkon Oktoba layi ya dawo Gusau, ƙauyuka kuma suka ci gaba da jira. A 2022 BBC da Trust TV suka nuna rahotannin da aka ji ta bakin shugabannin 'yan bindiga a dajin Zamfara. Gwamnatin Tarayya ta ce tallata ta'addanci ne, NBC ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5. Gardamar da ta biyo baya har yau ba ta mutu ba: wanda aka kashe wa ɗa yana ganin an ba makashi lasifika, wani kuma yana cewa a rahoton ne ya fara fahimtar yadda rikicin ya faro. A watan Agustan shekarar NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 kan bashi, da yawansu na gwamnatocin jihohi.

Sai Oktoban 2022. Gwamnatin jiha ta ba da umarnin rufe wasu tashoshi, ciki har da NTA Gusau da Pride FM da Gamji TV, saboda sun ɗauki taron ɗan takarar gwamna na PDP, Dauda Lawal, bayan an hana tarukan siyasa. Abin mamaki, biyu daga ciki na Gwamnatin Tarayya ne. NBC ta ce gwamna ba shi da wannan hurumi, cikin 'yan kwanaki aka janye har da ban haƙuri. Watanni biyar bayan haka Dauda Lawal ya ci zaɓe. Ita ma NBC, a Mayun 2023, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce ba ta da ikon cin tara.

Waɗannan duk takura ce mai fuska, ana iya kai ta kotu. Wadda ta zo bayan 29 ga Mayun 2023 ba wanda za a kai ƙara. Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai, aka saki naira. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen shekarar. Kayan gyaran na'urar watsa shirye-shirye da dala ake sayo su, wutar lantarki ba tabbas, gas ya yi tsada. Ɗan kasuwar da ciniki ya ja baya, tallar rediyo yake fara yankewa. A Maris na 2025 kuma umarnin Shugaba Trump ya tsayar da Muryar Amurka, har da sashen Hausa, wato ko kuɗin waje ba abin jingina ba ne.

Matasa na cewa ai waya ta gama magana. Gaskiya ne shafin Facebook ba ya neman lasisi ko janareto, kuma harin da aka kai a Tsafe ko Zurmi da asuba kafin hantsi ya zaga WhatsApp. Amma 'yan siyasa sun riga kowa gane wannan. Kuɗin da suke sayen fili da shi yanzu wani kaso ya koma saya wa yara data. Dokar laifukan intanet ta 2015, ko bayan gyaran 2024, tana nan ana kama masu rubutu da ita. Tantance labari kuwa bai sauka daga farashinsa ba. In aka ce an kashe mutum kaza a Ɗansadau, sai wani ya zuba mai, ya jira rakiyar sojoji, ya kwana biyu a can kafin ya ƙirga kaburbura, kuma tashoshin da ke iya ɗaukar wannan nauyi a Gusau ba su da yawa.