Ɗaurin shekara biyar kan irin GMO: wa dokar take nufi?

Duk shekara idan damina ta gabato, saƙonnin murya kan yawaita a WhatsApp game da irin shuka. Bana biyu ne suka fi yawo, kuma suna karo da juna. Na farko yana cewa duk manomin da aka kama da irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wanda ake kira GMO, zai sha ɗaurin shekara biyar. Na biyu yana cewa gwamnati ta haramta irinmu na gado, wanda ya ajiye iri daga girbinsa ma kamu ne. Dukansu biyu ba haka dokar ta ce ba. Shekara biyar ɗin dai tana cikinta, don haka ya kamata a san a kan wa aka rubuta ta.

Dokar da ake magana a kai ita ce ta 2015 wadda ta kafa hukumar NBMA, mai sa ido kan lafiyar abubuwan da aka sauya wa halitta. Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a watan Afrilu na shekarar, ana saura makonni ya bar mulki. A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan gyaran da ya faɗaɗa ta zuwa sababbin hanyoyin gyara ƙwayar halitta. Asalinta alƙawari ne da Najeriya ta ɗauka a Yarjejeniyar Cartagena ta shekarar 2000, cewa kowace ƙasa za ta yi tsarin tantance irin waɗannan abubuwa kafin su shiga gonaki da kasuwanninta.

Mu 'yan Arewa abin ya fi shafa, domin a ƙofar gidanmu ake aikin. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta faro tun 1922 kuma ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ce ta fitar da kusan duk irin GMO da aka amince a shuka a ƙasar nan. Tun 2009 aka fara gwajin wake a killataccen fili a can, ana jiran doka. Da dokar ta samu sai abubuwa suka biyo juna. Auduga mai jure tsutsa ta fito a 2018. Wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci aikinsa, ya samu rajista a Disambar 2019, aka ƙaddamar da shi ga manoma a Kano a 2021. Masarar TELA, iri huɗu daga SAMMAZ 72T zuwa 75T, ta fito a Janairun 2024. A kewayen wannan bincike kamfanonin iri na Zariya da Kaduna da Kano suka samu abin yi, su ne ke ninka irin suna sa shi a buhu, dillalai na kai shi ƙauyuka.

Waɗanda dokar ta ɗora wa nauyin neman izini su ne masu shigo da GMO ƙasar nan ko fitar da shi ko ratsawa da shi, da masu gwaji a ɗakin bincike ko a fili, da masu son sakin sa ga jama'a.

Manomi ba ya cikin wannan jeri, kuma a nan ne saƙon farko ya yi kuskure. Izinin saki, wanda ya ƙirƙiro irin ne yake nema. Cibiyar Samaru ta kai takardunta, aka buga sanarwa a jaridu, aka ba jama'a kwana 21 su kawo ƙorafi kamar yadda dokar ta tanada, kwamitoci suka duba, aka ba da izini. Bayan nan wani kwamiti daban, mai rajistar sababbin iri, ya sa masa suna. Daga wannan rana SAMPEA 20-T ya zama iri halattacce. Manomin Bichi ko na Giwa da ya sayi leda ɗaya a shagon dillali ya shuka, ba ya buƙatar takardar kowa, kuma babu sashen da ya ce a kama shi. Haka matar da ta sayi waken a mudu ta yi ƙosai.

Hukuncin kansa ga yadda yake. Wanda ya yi ɗaya daga cikin waɗancan ayyuka ba tare da izini ba, ko ya karya sharuɗɗan izinin da aka ba shi, idan kotu ta same shi da laifi zai biya tarar da ba ta gaza naira miliyan 2.5 ba, ko ya yi zaman gidan yari da bai gaza shekara biyar ba, ko a haɗa masa duka biyun. Idan kamfani ne, tarar ba ta gaza naira miliyan 5 ba, sannan daraktocinsa kowanne na iya fuskantar hukuncin mutum ɗaya.

A lura da abu biyu. Shekara biyar ɗin ita ce mafi ƙaranci idan alƙali ya zaɓi ɗauri, yana iya wucewa sama amma ba ya sauka ƙasa. Masu cewa dokar wasa ce sun manta da wannan. Amma ɗaurin ba tilas ba ne, alƙali na iya tsayawa kan tara kawai. Kuma kotu ce ke yanke hukunci, bayan shari'a. Jami'in da ya tare ka a hanya ko a gona ya ce ka biya shi tarar GMO nan take, damfararka yake yi, ka nemi ya kai ka gaban alƙali.

Akwai dai mutanen da ya kamata hankalinsu ya tashi. Ɗan kasuwar da ya yo odar masara ko waken suya jirgi guda daga Ajantina ko Barazil don abincin kaji, inda yawancin abin da ake nomawa GMO ne, dole ya nemi izinin NBMA kafin kayan su sauka. Haka wanda ya dawo daga tafiya da wani iri a jakarsa, wai ya ga yana yi a wata ƙasa, ya ninka shi ya fara sayar wa maƙwabta. Idan irin GMO ne da ba a tantance a nan ba, shi ne ya saki abu ba izini, kuma hukuncin kansa zai faɗa.

A nan ne nake ganin ma'aunin bai daidaita ba. Naira miliyan 5 ko a 2015 ba kuɗi ba ne a wurin babban kamfanin iri na duniya, balle yanzu da naira ta zube. Shi kuwa ƙaramin dillalin da ya yi kuskure cikin rashin sani, miliyan 2.5 na iya cinye jarinsa kaf, in ba shi da su sai shekara biyar. Da a ce tarar kamfani tana bin girman cinikinsa ne, da dokar ta fi tsoratar da waɗanda ya kamata ta tsoratar.

Maganar ajiye iri kuwa, dokar 2015 ba ta taɓa ta ba ko kaɗan. Ba ta haramta ɗan ila ko kananado ko farar dawa ko wani irin gado ba, ba ta kuma tilasta wa kowa shuka GMO. Dokar da ta shafi haƙƙin masu ƙirƙirar iri wata ce daban, ta 2021, ita kuma kan cinikin irin da wani ya yi wa rajista take magana. Abin da ke rura wannan jita-jita, a ganina, wani abu ne da manoma suka gani da idonsu. Masarar TELA aure ce, wato iri biyu aka haɗa aka same ta, kamar Oba Super da aka daɗe ana shukawa a yankin Funtuwa da Saminaka. Duk masarar aure, idan ka sake shuka 'ya'yanta, amfanin yana raguwa, gonar ta fito wani dogo wani gajere. Halin auren iri ne, tun kafin a san GMO haka yake. Wake kuwa da kansa yake barbara, shi ya sa wanda ya ajiye SAMPEA 20-T ya sake shukawa zai ga ya tsiro ya yi 'ya'ya. Fasahar nan da ake yawan ambata, ta kashe ƙwayar iri don kada wanda aka ajiye ya sake tsirowa, ba a taɓa fitar da ita kasuwa a ko'ina ba.

Abin da aka sa wa waken ƙwayar gado ce daga wata halitta da ke zaune a cikin ƙasa, mai suna Bt, wadda ke sa tsutsar maruka ta mutu idan ta ci furen ko kwanson. Duk wanda ya taɓa buɗe kwanson wake ya tarar da tsutsa da kashinta a maimakon ƙwaya ya san ɓarnar da ake nufi. Masu binciken sun ce feshi sau biyu ya isa a maimakon shida zuwa takwas. Feshin bai tashi gaba ɗaya ba, domin sauran ƙwari ba ruwansu da Bt. Batun hana haihuwa da ake jingina wa irin, babu binciken da ya tabbatar da shi, alhali illar feshin da yaranmu ke yi ba takunkumi ba safar hannu sananniya ce.

Duk da haka masu adawa suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Ƙungiyar kare muhalli ta HOMEF, wadda Nnimmo Bassey ya kafa, ta daɗe tana nuna cewa hukumar bunƙasa fasahar halittu, wadda aikinta yaɗa GMO ne, tana da kujera a majalisar gudanarwar NBMA mai tantancewa. Wannan gaskiya ne, kuma gyara yake so, domin ko da kowa a teburin mai amana ne, jama'a ba za su natsu ba. A 2024 Majalisar Wakilai ta ba da umarnin a binciki yadda ake shigo da GMO, wanda ke nuna cewa shakkun ya kai har Abuja.

Sai batun lakabi. Dokar ta ce a rubuta a jikin kaya cewa GMO ne, don mai saye ya zaɓa. A buhun iri wannan yana yiwuwa, kuma manomi na da haƙƙin ya duba sunan irin da tambarin hukumar iri ta ƙasa kafin ya biya. Amma wake da masara a Dawanau a buhunan da ba rubutu suke zuwa, a zube su a haɗe, a auna a kwano. Mai alale a bakin tasha ba ta san daga gonar da waken ya fito ba, mai saye ma haka. Wanda ya yanke wa kansa cewa ba ya son cin GMO, ko da dalilinsa bai gamsar da masana ba, dokar ta yi masa alƙawarin zaɓi, kuma har yau ba a samar da hanyar cika wannan alƙawari a kasuwar da yawancinmu ke cefane ba.