Nazarin mata kan ƙagaggun labaran Ingila na ƙarni na 19 da aka manta da su

Wannan reshe ne na nazarin adabin Turanci da ya kafu a jami'o'in Amurka da Birtaniya wajen shekarun 1970. Manazartansa, galibi masu rajin 'yancin mata, suna tono littattafan da mata suka rubuta a zamanin Sarauniya Biktoriya, waɗanda suka ci kasuwa a lokacinsu amma daga baya aka daina buga su da koyar da su.

Asali

A ƙarni na 19 yawancin masu karatu ba sa iya sayen sabon littafi, domin ana fitar da shi cikin juzu'i uku masu tsada, sai dai su yi haya a ɗakunan karatu irin na Mudie, wanda aka buɗe a Landan a 1842. Mata da dama sun ci abinci da alƙalami ta wannan hanya, har Margaret Oliphant ta rubuta ƙagaggun labarai fiye da 90. Amma da masu sharhi na ƙarni na 20 suka tsara jerin gwanayen adabi, mata kaɗan suka shiga, misali littafin mai sharhin adabi F. R. Leavis na 1948 ya ɗaukaka Jane Austen da George Eliot (sunan alƙalamin Mary Ann Evans) ne kawai daga cikinsu. Manazarciyar adabi Elaine Showalter ta ƙalubalanci wannan tsari a littafinta *A Literature of Their Own* (1977), kuma kamfanin ɗab'i na Virago, wanda aka kafa a 1973, ya shiga sake buga tsofaffin littattafan mata.

Misalin Braddon

Ɗaya daga cikin littattafan da suka fi cin moriyar wannan nazari shi ne *Lady Audley's Secret* (1862) na Mary Elizabeth Braddon. Tauraruwarsa mace ce da miji ya bar ta da goyo ya tafi neman zinariya a Ostareliya, ta sauya suna, ta auri attajiri, da mijin farko ya dawo ta tura shi rijiya, daga ƙarshe aka kulle ta a gidan mahaukata a Beljiyam. Masu sharhin zamanin sun ɗauke shi littafin ɓata tarbiyya. Showalter kuwa ta nuna cewa matar lafiyarta ƙalau, dokokin aure da na dukiya ne suka toshe mata hanya, tunda kafin dokokin 1870 da 1882 abin da matar aure ta samu na mijinta ne.

Saɓani

Wasu masana na ganin an ɗora wa marubutan ra'ayin da ba nasu ba, ganin cewa Oliphant da kanta ta soki labarai irin na Braddon a 1867.