Komawar Ruwa Baya a Bututun Ruwan Sha

Komawar ruwa baya ita ce juyawar ruwa a cikin bututu ya bi hanyar da ba ita aka tsara masa ba, har ya kwaso dauɗa, guba ko ƙwayoyin cuta ya shigar da su cikin ruwan sha. Abu biyu ne ke haɗuwa kafin hakan ta faru. Na farko mahaɗa tsakanin bututun ruwan sha da wani ruwa marar tsabta, na biyu kuma sauyin matsi da zai juya akalar ruwan. Mahaɗar na iya zama dauwamammiya, kamar bututun da ke cika tukunyar tururi, ko ta ɗan lokaci, kamar tiyon da aka tsoma bakinsa cikin bokitin maganin ƙwari. Masu aikin famfo sun daɗe suna ɗaukar tiyo a matsayin mahaɗa mai haɗari da ta fi kowace yawa, domin kowa na da shi, kuma duk inda aka ja shi yana zuwa.

Yadda ruwa ke juyawa

Hanya ta farko ita ce zuƙowa. Idan matsin ruwa a babban bututun gari ya faɗi ƙasa da matsin iskar sarari, bututun kan koma yana tsotsa maimakon ya tura. Fashewar babban bututu na jawo haka, haka ma jan ruwa mai yawa da 'yan kwana-kwana ke yi lokacin gobara, ko rufe layi a tsiyaye shi don gyara, ko injin jan ruwa da aka ɗaura kai tsaye a kan bututun gari. Matsin iskar sarari na iya ɗaga ruwa sama har kimanin mita 10, saboda haka ba sai dauɗar tana dab da famfo ba. Benaye na sama su ne matsi ke fara ɗaukewa a cikinsu. A garuruwan da ruwan famfo ke zuwa yana ɗaukewa, wannan yanayi na maimaituwa duk lokacin da aka rufe ruwa.

Hanya ta biyu ita ce turowa, wato matsin da ke ɓangaren mai amfani da ruwa ya fi na gari ƙarfi. Tukunyar tururi na yin haka, da injin rijiyar burtsatse da aka haɗa bututunsa da na hukumar ruwa, da tankin da ke kan dogon gini. Kowace mita 10 ta tsawon ruwa na ba da matsi kusan bar 1 (bar ma'aunin matsi ne), don haka tankin da ke tsawon mita 30 a sama yana danna ƙasa da kusan bar 3, ko da ba inji.

Tarihi

Matsalar ta fito fili ne a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, lokacin da masana'antu da yawa a Amurka ke da layin ruwa biyu: ruwan gari don sha, da ɗanyen ruwan kogi don aiki da kashe gobara. Ana haɗa layukan biyu da bawul guda mai barin ruwa ya wuce gefe ɗaya kawai. Idan bawul ɗin ya yi tsatsa ko wani abu ya maƙale a bakinsa, injin kashe gobara sai ya tura ruwan kogi cikin bututun gari. An danganta ɓarkewar zazzaɓin taifot a garuruwa da dama da wannan, kuma daga nan aka fara jera bawul biyu a maimakon ɗaya.

Abin da ya fi girgiza hukumomin lafiya shi ne na Chikago a 1933, shekarar da birnin ya karɓi baƙuncin babban baje kolin duniya. Cutar atini mai zuwa da jini ta ɓulla, aka bi sawunta har zuwa wasu otal biyu da ke shan ruwa ɗaya. Bututunsu sun tsufa, akwai mahaɗai tsakanin layin ruwa da na ƙazanta, kuma wani bututun ƙazanta na ɗiga a saman tankin sanyaya ruwan sha. Da yake cutar kan ɗauki makonni kafin ta bayyana, baƙi da yawa sai da suka koma garuruwansu suka kwanta, abin da ya jinkirta gano tushen. Adadin da aka fi ambata shi ne mutum 1,409 da suka kamu, 98 suka rasu.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an tarar da ruwan tashar jiragen ruwa a cikin tankin ruwan sha na wani jirgin dakon kaya, bincike kuma ya nuna mahaɗa ce tsakanin ruwan gari da na tashar. Wannan na cikin abubuwan da suka sa aka kafa cibiyar binciken irin waɗannan mahaɗai a Jami'ar Kudancin Kalifoniya a 1944. Cibiyar na gwada na'urori tana fitar da jerin waɗanda ta amince da su, kuma hukumomin ruwa da yawa na dogaro da jerin. Wajajen waɗannan shekaru ne na'ura mai ɗakin ragaggen matsi, wadda bayaninta ke tafe, ta fara shiga aiki.

A 1969 ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ta kwalejin Holy Cross, a garin Worcester na jihar Massachusetts, ta kamu da ciwon hanta nau'in A. Famfon filin atisaye yana cikin rami ne, wasu yara masu ɗauke da cutar sun yi wasa a ruwan da ya taru wurin, sai wata gobara a cikin gari ta sa matsi ya faɗi, bututun ya zuƙe ruwan ramin. Cikin 'yan wasa da ma'aikata 97, mutum 90 suka kamu, aka soke sauran wasannin shekarar bayan wasa biyu kacal.

Ƙasashen da ruwansu ke da kyakkyawan suna ma ba su tsira ba. A ƙarshen Nuwamba 2007, a garin Nokia na ƙasar Finland, an buɗe wani bawul da ke haɗa layin ruwan sha da na tataccen ruwan ƙazanta a matatar garin. Da yake matsin ruwan ƙazantar ya fi ƙarfi, kimanin lita 450,000 suka shiga bututun gari cikin kwana biyu. An ƙiyasta cewa sama da mutum 8,000 suka yi fama da gudawa da amai, a garin da yawan jama'arsa ke kusan 30,000. Kuskuren bai tsaya ga wanda ya buɗe bawul ɗin ba, tun asali bai kamata bututun ya kasance a wurin ba.

Matakan haɗari

Ƙa'idar Turai mai lamba EN 1717 da dokar kayan aikin ruwa ta Ingila da Wales ta 1999 sun kasa ruwa gida biyar. Na ɗaya ruwan sha ne lafiyayye. Na biyu wanda ɗanɗano, ƙanshi ko ɗuminsa kawai ya sauya. Na uku mai ɗan lahani ga lafiya, na huɗu mai guba kamar maganin ƙwari, na biyar kuma mai ɗauke da kashi, jini ko ƙwayoyin cuta. A Amurka gida biyu aka fi kasa shi: abin da ke ɓata ruwa bai cutar ba, da abin da ke cutarwa. Matakin haɗari da irin juyawar da ake tsoro su ke nuna kariyar da za a sa.

Tazarar iska

Kariyar da ta fi kowace ƙarfi ba na'ura ba ce, fili ne tsakanin bakin famfo da leɓen abin da ruwa ke zuba a ciki, wato inda ruwa zai fara malala idan ya cika. Ruwa ba ya tsallake iska ya hau sama. Ƙa'idar ita ce tazarar ta kai ninki biyu na faɗin bakin bututun, kada kuma ta gaza milimita 25 a Amurka, ko milimita 20 a Turai. Bututu mai faɗin milimita 50 na buƙatar tazarar milimita 100. Ita ce babbar kariyar da aka yarda da ita ga ruwa na mataki na biyar a tsarin Turai. Ba ta da sifirin da zai gaji ko robar da za ta tsage. Illarta biyu: matsin gari na ɓacewa a wurin, sai an sa inji ya sake ɗaga ruwan, sannan duk wanda ya soka tiyo a bakin famfon don hana fantsama ya kashe ta nan take.

Na'urori

Mafi sauƙi ita ce mai karya zuƙa. A cikinta akwai ɗan faifai da ruwa ke ɗagawa ya toshe ƙofar iska. Da matsi ya faɗi sai faifan ya sauko, iska ta shiga, zuƙar ta karye. Ana kafa ta aƙalla santimita 15 sama da mafitar ruwa mafi tsawo, ba a sa bawul ɗin rufewa a bayanta, kuma ba a barin ta ƙarƙashin matsi fiye da awa 12 a jere, domin faifan na iya mannewa a sama ya ƙi saukowa ranar da ake buƙatarsa. Akwai ƙaramarta da ake murɗawa a bakin famfon tiyo. Akwai kuma mai sifirin da ke jure matsi dare da rana, wadda ake yawan sa wa a layin ban ruwan lambu, aƙalla santimita 30 sama da mafita mafi tsawo. Dukkansu zuƙowa kawai suke hanawa, turowa ta fi ƙarfinsu.

Tagwayen bawul na da bawul biyu masu sifirin a jere, kowanne na aiki shi kaɗai, da bawul ɗin rufewa gaba da baya, da ƙananan kafofin gwaji huɗu. Suna hana zuƙowa da turowa, amma inda haɗarin bai kai na lafiya ba, saboda idan duka biyun suka lalace babu alamar da za a gani daga waje.

Inda akwai guba, na'ura mai ɗakin ragaggen matsi ake sa wa, wadda aka fi sani da RPZ, a Turai kuma nau'in BA. Ita ma bawul biyu ne, sai dai a tsakaninsu akwai ɗaki mai bawul na uku da ke buɗewa waje. Sifirin ɗin bawul na farko na sa matsin ɗakin ya zauna ƙasa da na ruwan da ke shigowa. Da zarar bambancin ya ragu zuwa bar 0.14, wato psi 2 a ma'aunin Amurka, bawul na uku zai buɗe ya zubar da ruwan ɗakin ƙasa. Ma'ana, ko ta lalace, waje take zubarwa, ba cikin ruwan jama'a ba. Shi ya sa ba a kafa ta cikin ramin da ruwa zai iya cikawa. Ana ɗaga ta aƙalla santimita 30 daga ƙasa, a yi mata magudana mai faɗi, da tazarar iska tsakanin mazubarta da magudanar. Babba daga cikinsu na iya zubar da ɗaruruwan lita a minti ɗaya. Tana kuma cin matsi, sau da yawa kusan bar 0.7 zuwa 1, abin da mai tsara ginin bene ya kamata ya lissafa tun farko.

Injin haɗa lemo mai gas na da tasa na'urar, domin iskar da ke sa lemo kumfa idan ta koma cikin bututun jan ƙarfe tana narkar da shi, mai sha ya yi ta amai.

Gwaji da lalacewa

Ana gwada na'urori masu kafofin gwaji ranar da aka kafa su, da bayan kowane gyara, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara a mafi yawan dokoki. Mai gwaji na amfani da ma'aunin bambancin matsi. A tagwayen bawul, kowanne ya riƙe aƙalla bar 0.07. A RPZ ana duba cewa bawul na uku ya buɗe kafin bambancin ya sauka ƙasa da bar 0.14, bawul na farko kuma yawanci ana son ya riƙe kusan bar 0.35.

Yashi, tsatsa da ɓarɓashin aikin bututu su suka fi lalata su, don haka ake wanke layi kafin kafawa, a kuma sa rariya a gaba. RPZ da ke ɗiga ba tsayawa alhali ba a jan ruwa, galibi bawul na farko ne bai zauna daidai ba. Wadda ke tofar da ruwa jefi-jefi kuwa, matsin gari ne ke hawa da sauka. Toshe mazubarta don a huta da ɗigar na mayar da ita tagwayen bawul masu lalataccen ɓangare guda. A ƙasashe masu sanyi ƙanƙara na fasa jikinsu. Kafa kowace irin na'ura a ƙofar gida na rufe wa ruwan zafi hanyar komawa idan ya kumbura, don haka dole a ƙara ƙaramin tankin da zai shanye kumburin, in ba haka ba matsi ya yi ta hawa a na'urar dumama ruwa.

Inda ake kafawa

Ana iya kafa kariya a bayan mitar ruwa don tsare bututun gari daga ginin gaba ɗaya, ko a kan kowace mahaɗa don tsare mutanen cikin ginin. Ta farko ba ta kare mazauna ciki daga junansu, shi ya sa asibitoci da masana'antu ke yin duka biyun, su kuma jera na'urori biyu gefe da gefe don kada gwaji ya yanke ruwa. Hukumomi sun sha bamban kan ko gidajen zama na buƙatar na'ura a bayan mita, da kuma ko tagwayen bawul sun wadatar a layin kashe gobara da ba a zuba masa sinadari ba.