Mita biyu a wuri ɗaya, kowacce da lambarta

Wani ɗalibin lise a nan Damagaram, mai taya wansa gyaran rediyo a kasuwar Dole, ya tare ni da waɗannan tambayoyi.

Malam, an koya mana cewa in ka zagaya da'irar wuta ka tara bolt na kowane sashe, sifili za ka samu. Kullum haka ne?

Wannan dokar Gustav Kirchhoff ce, Bajamushen da ya fito da ita a 1845 yana ɗalibi. In batir ne da rezistans, wato abin da ke rage gudun wuta, ba ta da makusa. Sai dai tana da sharaɗin da ba a cika faɗa a aji ba: kada maganaɗisun da ke ratsa tsakiyar da'irar ya riƙa canzawa. Da ya fara ƙaruwa ko raguwa, magana ta koma hannun Michael Faraday na Ingila, wanda ya gano a 1831 cewa canjin kansa yana tura wuta a waya. A lokacin jimlar ba sifili ba ce, daidai take da saurin canjin.

To me zan gani da idona?

Ɗauki waya ka yi zobe ɗaya kewaye da ƙarfen transfo. Sa rezistans mai om 200 (om shi ne ma'aunin rezistans) a hagu, mai om 800 a dama, ba batir ko ɗaya. Mu ce canjin maganaɗisun ya ba zoben bolt 1. Jimlar om 1000 ke nan, wutar da ke gudana miliampa 1. Yanzu kawo mitar awon bolt guda biyu, ka maƙala bakinsu a wuri ɗaya, sama da ƙasan zoben, amma ka ajiye ɗaya a hagu ɗaya a dama. Ta hagu za ta nuna 0.2, ta dama 0.8. Wanka zai ce ɗaya ta lalace, ya kama bubbuga ta a tafin hannu. Lafiyarsu lau.

Abin da ya faru, wayoyin mitar su ma sun zama da'ira. Ta hagu ta haɗu da rezistans ɗin hagu ba tare da ta kewaye ƙarfen ba, shi ya sa ta karanta nasa kaɗai. Ta dama ma haka. Ka bi da wayoyin ta hagu ta gefen dama na ƙarfen, ka maƙala bakinsu inda suke ɗazu, sai ka ga 0.8. A nan, tambayar bolt nawa ne tsakanin sama da ƙasa ba ta da amsa sai ka faɗi ta inda waya ta bi.

Ke nan Kirchhoff ya yi kuskure?

Walter Lewin, tsohon malamin fiziks a jami'ar MIT ta Amurka, ya nuna irin wannan gwaji a aji, ya ce dokar ta gaza. Wasu suka ce a'a, a lissafa turawar Faraday kamar batir a cikin da'irar, lissafi ya daidaita. Ni a ganina rabin gardamar ta suna ce. Amma batirin nan ba shi da mazauni a zoben, ba inda za ka ɗora yatsa ka ce ga shi.

Amma ai muna amfani da dokar a da'ira mai bobin?

Ƙwarai, don maganaɗisun bobin, wato naɗaɗɗiyar waya, kusan duk a cikinta yake kulle. Daga bakinta biyu kake awo, a waje.

Ina ruwan mai gyara da duk wannan?

Kuran ɗin da ke shigowa shagonku yana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, maganaɗisun kowane transfo ma haka. In kana auna ƴar ƙaramar wuta kusa da transfo ko injin walda, wayoyin mita a warwatse za su tsinto abin da ba na rediyon ba. Murɗe su tare kamar igiya, ka rage filin da ke tsakaninsu. In ka motsa waya lamba ta motsa, ja teburin nesa da injin maƙwabcinku kafin ka ɗora wa mita laifi.